Na Kai Kawu Misra Da Kwalbar Shagona A Aljihunsa

Tun da na dawo daga Misra ba a bar ni na huta ba. A bakin masallaci, a majalisa, a waya, tambayar ɗaya ce: "Habibu, yaya Alƙahira? Yaya abincinsu? Ina tsarabarmu?" Na maimaita labarin har na fara ƙara masa gishiri ba da sanina ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ina da shago a Tudun Wadan Zariya inda nake sayar da abin da muke kira kayan ƙarin lafiya: zuma, man zaitun, habbatus sauda, shayin rage tumbi, ƙwayoyin ƙara kuzari. Ni ba likita ba ne, ban kuma taɓa cewa ni likita ba ne, amma in tsohuwa ta shigo ta ce "Sannu Dakta," ba na tsayawa gyara mata.

A duk kayan shagon babu mai tafiya kamar wata koriyar kwalba ta ciwon gaɓoɓi, mai hoton dalar Fir'auna da bishiyar dabino, an rubuta mata Nurul Mafasil da manyan baƙaƙen Larabci. Mutane ba sa wahalar da kansu da sunan, "ɗan Misra" kawai suke cewa. Shekara uku ina sayo ta ta waya daga wani Ustaz Nura mazaunin Alƙahira, wanda ban taɓa gani ba sai a hoton wayarsa, ya sha rawani yana kallon nesa. A can ƙasan kwalbar akwai wani ɗan layi da sai ka sa tabarau za ka karanta: ƙarin abinci ne, ba magani ba. Wannan layin shi ne rufin asirin sana'armu. Magani sai an gwada shi, an juya shi, an tambayi uwarsa da ubansa kafin a bar shi ya hau kanta. Ƙarin abinci kuwa bincikensa bai kai haka ba. Duk da haka ni ne mai baki a ƙungiyarmu ta masu shaguna. Duk taron da aka yi sai na miƙe na ce hukuma ta ƙara sassauta mana, zuma da habbatus sauda me za a gwada a cikinsu? Ana tafa mini kuwa, ina jin daɗi.

Kawu Sale yayan mahaifiyata ne, tsohon hedimasta, shi ya riƙe ni tun ina aji uku da mahaifina ya rasu. Na sha bulalarsa, na ci tuwonsa. Da gwiwoyinsa suka ƙi har ya koma sallah a kan kujera, na kai masa ɗan Misra. Kwana huɗu da fara sha ya yi sujada. Tun daga ranar ya zama mai yi mini talla kyauta, yana shan ƙwayar kullum har shekara ɗaya da rabi. Ya yi ƙiba, kumatunsa suka ciko, mutane suna cewa hutu ya karɓi Malam. Sai dai hoton asibiti ya nuna ƙashin gwiwar ya cinye, 'ya'yansa suka haɗu suka ce a kai shi Misra a yi masa aiki. Da aka zo neman mai rakiya na ɗaga hannu kafin a rufe baki, kowa ya sa mini albarka. Gaskiyar magana, rabin zuciyata tana kan Kawu, rabin tana kan in ga Ustaz Nura da kamfaninsa da idona.

Daga Kano muka tashi. Kawu bai taɓa hawa jirgi ba sai na aikin hajji, saboda haka da ya ga an zaunar da shi kusa da wata Balarabiya mai wando, ya kira ma'aikaciyar jirgi ya tambaye ta ina ɓangaren maza. Da aka kawo abinci ya buɗe, ya leƙa, ya dube ni.

"Wannan na ɗanɗano ne, ko shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kawu."

Ya zaro kilishi daga aljihu. Kafin mu sauka, Balarabiyar da yake neman a raba su ta ci rabin kilishin, tana hawayen yaji tana miƙo hannu.

A filin jirgin Alƙahira aka ce mu buɗe jaka. Matar Kawu ta haɗa masa kaya kamar mai zuwa yaƙi: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, garin kunu, da daddawa a leda uku. Jami'in ya kwance ledar farko, ya ja da baya taku biyu. Kawu ya ga dama ta samu, ya gyara murya ya zuba masa Larabcin da ya karanta a zaure shekara hamsin da suka wuce, kowane wasali a wurinsa. Jami'in ya saurara da ladabi, sannan ya amsa da wani abu mai gudu wanda ko kalma ɗaya Kawu bai kama ba. Kawu ya juyo ya ce, "Habibu, mutanen nan sun lalata Larabci."

Sai hannun jami'in ya kai kan koriyar kwalba. Guda ɗaya muka taho da ita, tunda gidansu za mu. Ya juya ta, ya karanta, ya tambaye ni da Turanci ko a Misra ake yin ta. Na ce ƙwarai, ina ɗaga ƙirji. Ya nuna wa na kusa da shi, suka girgiza kai, ya ce bai taɓa ganinta ba, ya mayar. A raina na ce ka ji mutumin da bai san arzikin ƙasarsu ba. Kawu ya ɗauke kwalbarsa ya sa a aljihun gaba, kuma tun daga nan can ta zauna.

Wanda ya tare mu shi ne Malam Isufu, mutumin Damagaram, shekararsa ashirin a Alƙahira. Karatu ya kawo shi, yanzu aikinsa yi wa marasa lafiyar da suka zo daga gida tafinta da nema musu masauki. Hausarsa tana tafe da Faransanci a hagu, Larabci a dama.

"Bon, Alhaji, sannunku da hanya. Yalla, mota na jira. Kada ku kalli titi, ku kalli ƙasa ku yi salati."

Na ɗauka wasa yake. Direban Alƙahira yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana waje yana bayani da shi, karatun Alƙur'ani yana tashi a rediyo, shi kuma yana zagin duk wanda ya wuce shi. Odar mota a can gaisuwa ce, faɗa ce, ban haƙuri ce. Na tuna yadda muke zagin 'yan acaɓan Zariya, na roƙa musu gafara a zuciyata.

A unguwar Faisal aka kama mana ɗaki, hawa na bakwai. Lif ɗin gidan ba shi da ƙofar ciki, kana tsaye kana kallon bango yana wucewa, kuma da ka danna sai wata murya ta fara karanta addu'ar tafiya. Kawu ya ce shi bai taɓa ganin abin hawan da ya san halin kansa kamar wannan ba. A ƙofar gidan akwai bawwab, wato maigadi, wani tsoho mai jallabiya wanda ya san wanda ya shiga, wanda ya fita, da abin da ke cikin ledar kowa. Matan benen kuwa ba sa saukowa cefane. Kwando suke zurowa da igiya ta taga, mai kanti ya zuba, su ja. Kawu ya daɗe yana kallo, ya ce in wannan dabarar ta isa Zariya, to an gama ganin wasu a tsakar gida.

Abinci kuma sai haƙuri. Safiya wake, wanda suke kira ful, da gurasa. Rana gurasa. Yamma gurasa ta sake dawowa ta ga ko muna nan. Akwai wani ƙosai nasu kore, ta'amiyya, wanda ba laifi. Ranar da Malam Isufu ya kawo mana koshari, shinkafa da taliya da makaroni da wake duk a kwano ɗaya, Kawu ya juya cokali ya ce, "Wannan ragowar gida nawa aka haɗa?" Ya cinye tas, ya nemi ƙari. Shayinsu kuwa sai ka roƙa a rage sukari, mai shayin ya dube ka da tausayi ya ce ma'alish, ya zuba yadda ya saba. Ma'alish ɗin nan ita ce maganin komai a garin: an taka ka, ma'alish, an ɓata maka yini, ma'alish.

Kwana biyu da zuwa muka je asibiti. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka shigar da mu wurin wata likita mai furfura, gajeruwa, ba ta dariya. Ba ta fara da gwiwar ba. Fuskar Kawu ta tsaya kallo, ta ja hannun rigarsa ta ga wasu tabo shuɗi-shuɗi a fatarsa, ta yi magana, Malam Isufu ya fassara.

"Ta ce wane magani kake sha, Alhaji?"

"Na hawan jini kawai."

"Ta ce ban da shi fa?"

"Babu."

Sau uku ta tambaya, sau uku Kawu ya ce babu. Kun san halinmu. A gida mutum zai sha jiƙo da safe, ya sha rubutu da rana, ya haɗiyi ƙwayar da maƙwabci ya ba shi da yamma, amma in ya zauna gaban likita sai ya zama bai taɓa shan komai ba sai ruwa. Muna jin tsoron faɗa, muna kuma ganin abin gida ba ruwan asibiti da shi. Kawu ya dafa aljihun gabansa, ya kashe mini ido ɗaya, wai yana rufa mini asiri kada a raina sana'ata. Ni ma na yi shiru. Likitar ta ce sukarinsa ya hau sosai, jininsa ba ya nuna abin da take so, ba za ta bari a taɓa shi da wuƙa ba sai ta gane dalili. Mu dawo bayan kwana biyar a sake gwaji.

Na ga kwana biyar sun ishe ni harkata. Washegari na bar Kawu da rediyonsa, Malam Isufu ya saka ni a ƙaramar bas ya kwatanta mini hanya. Ataba na fara zuwa, kasuwar sari. Babu abin da babu. A wani lungu na ga shago cike da kwalabe, ba komai a cikinsu, kowane launi. Kusa da shi ana sayar da ɓawon kafso a buhu, kamar gero. Gaba kaɗan wani yana buga takardar manna wa kwalba, ka zaɓi hoton da kake so, ka zaɓi ƙasar da kake so a ce daga can take. Na tsaya na yi dariya, na ce lallai akwai 'yan damfara a duniya. Ban kawo kaina cikin lissafin ba.

Daga nan na nufi Hayyin Ashir, unguwar da in ka rufe ido za ka ji Hausa, ka ji Larabcin Sudan, ka ji ƙamshin turaren wuta. Ina tafe ina neman kamfani mai babbar ƙofa da masu farar riga. Kwatancen da Ustaz Nura ya ba ni ya ƙare a hawa na huɗu na wani tsohon bene. Ya buɗe ƙofa da singileti da zani, babu rawani, babu kallon nesa.

"Alhaji Habibu! Ahlan, ahlan! Babban dilanmu da kansa. Shigo, gidanka ne."

Ɗaki biyu ne. A falon an shimfiɗa tabarma, da manyan farantai, da buhuna jingine da bango. Na leƙa buhun farko, garin zogale ne. Na biyu citta. A jikin buhunan akwai rubutun 'yan kasuwar Kano da baƙin fenti.

"Ustaz, wannan ba daga gida yake ba?"

"Daga gida mana. Na can ya fi kyau. Ana kawo mini, in haɗa, in cika, in mayar muku. In na ce maka zogalen Dawanau ne, wa zai saya? Amma da ya sha iskar Misra ya dawo da Larabci a jikinsa, khalas, ya zama abin nema."

Na yi dariyar yaƙe. Har nan abin bai dame ni sosai ba, zogale ai ba ya kisa. Sai idona ya kai kan injin markaɗe a kusurwa, da wani kwando cike da fakitin ƙwayoyin asibiti, duk an ɓare su. Na ɗauki ɗaya.

"Wannan fa?"

"Kortizon ne. Ɗan kaɗan nake sawa, don ta kama."

"A cikin ɗan Misra?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko akwai ruwa a kogi. "Haba Alhaji. Kai da kake sana'ar nan, ka taɓa ganin zogale ya tayar da mai ciwon gwiwa a kwana huɗu?"

"Da me kake aunawa?"

Ya ɗaga cokalin shayi.

Na ce masa wannan ai magani ne na likita, ba a shansa kara zube, in aka bincika fa? Ya ce wa zai bincika, ai an rubuta ƙarin abinci ne. Sannan ya ɗauko wayarsa, ya lalubo, ya kunna mini wani saƙon murya. Muryata ce, bara, cikin nishaɗi, ina cewa, "Ustaz, na wannan karon bai kai na baya ƙarfi ba, mutane suna ƙorafi, a ƙara masa ƙarfi don Allah."

"To na ƙara," in ji shi. "Tamam?"

Ban san yadda na sauko benen ba. A cikin bas na tuna kumatun Kawu da ake yaba wa, na tuna tabon hannunsa, na tuna tambayar likita sau uku. Tsoro ya kama ni, kunya ta fi tsoron yawa. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in wuce asibiti in faɗi gaskiya. Amma sai na tuna 'ya'yan Kawu da suka sa mini albarka, na tuna yadda labarin zai riga ni isa Tudun Wada. Sai na yi dabara irin ta mai son kansa. Da Kawu ya cire riga ya shiga alwalar la'asar, na zare kwalbar daga aljihunsa, na sauka, na jefa ta a bolar bakin titi. Na ce shi ke nan, guba ta tafi, jikinsa zai wanke kansa, gwajin gaba zai yi kyau, babu wanda zai sani.

Kawu ya birkita ɗakin. Ya zargi lif, ya zargi direban tasi, ya sauka da kansa ya tsare bawwab da Larabcin zaure, tsohon yana ta ma'alish bai san laifinsa ba. Ya ce in je wurin mutumina in karɓo wata. Na ce Ustaz ya yi tafiya. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita.

Washegari Kawu ya ce jikinsa ba ƙarfi. Ya ƙi ful, ya ƙi kunun da na dama masa da garin gida. Na ce gajiyar tafiya ce. Rana ta biyu ya fara amai, ya yi sallolinsa a kwance. Rana ta uku da hantsi na kira shi ya amsa da ƙyar, na ɗaga shi zaune ya sulale, jikinsa sanyi ƙalau, yana kiran sunan mahaifina wanda ya rasu shekara talatin da suka wuce. Na kira Malam Isufu ina kuka. Shi da bawwab ɗin da Kawu ya zarga da sata su suka ɗauke shi zuwa mota.

A asibiti aka kwantar da shi, aka auna, na ga fuskokin ma'aikatan sun canza. Likitar nan ta zo da sauri. Ta duba takarda, ta dube ni, ta yi magana a taƙaice.

"Ta ce jininsa ya faɗi ƙasa sosai," in ji Malam Isufu. "Ta ce wannan mutumin akwai abin da yake sha ya daina. Mene ne?" Ya ɗan dakata, ya ƙara nasa. "Habibu, shekara ashirin nake a wannan aiki. In kana da magana, faɗe ta yanzu. Nan ba wurin ma'alish ba ne."

Na faɗa. Kuma ban taɓa sanin akwai azaba irin ta yin iƙirari ta bakin tafinta ba. In faɗi jimla ɗaya, in tsaya, in saurari abin kunyata yana fita da Larabci, sannan in ci gaba. Ni na ba shi. A shagona nake sayarwa. Akwai kortizon a ciki. Da cokalin shayi ake aunawa. Shekara ɗaya da rabi. Ni na ɗauke na jefar, kwana uku ke nan.

Ba ta yi mini ihu ba. Ta juya ta ba da umarni, aka kawo allura da ruwa aka ɗaura. Sai da ta ga an gama sannan ta tsaya a gabana ta yi bayani a hankali. Jikin mutum yana yin irin wannan sinadarin da kansa, in ji ta. In aka daɗe ana ba shi daga waje sai ya daina yi. Wanda ya kai haka ba a yanke masa rana ɗaya, a hankali likita yake ragewa har jiki ya farka. Malam Isufu ya fassara maganarta ta ƙarshe yana kallon ƙasa: "Ta ce abin da ka ba shi ya daɗe yana cutar da shi, amma ɗaukewar da ka yi ita ta kusa kashe shi."

Allah ya yi da sauran kwana. Kafin la'asar Kawu ya buɗe ido ya nemi ruwa. Kwana shida ya yi a asibiti. Aikin gwiwa dai ba a yi ba, an ce sai sukari ya sauka, an gama janye masa ƙwayar, watakila bayan wata shida. Muka dawo da gwiwoyin da muka tafi da su, da doguwar takarda zuwa ga likitan gida. Ustaz Nura ya daina ɗaukar wayata. Da na dawo na sauke duk koriyar kwalbar daga kanta, na kai samfuri inda ya kamata, na bi waɗanda na sani suna sha gida-gida ina roƙonsu kada su daina da kansu, su je asibiti da kwalbar a hannu. Wasu sun zage ni, wasu sun ce in sayar musu da ragowar a ɓoye. A taron ƙungiya na miƙe na ce a gwada duk abin da muke sayarwa, har zumar. Ba a tafa ba.

Wannan duk na sha faɗa a majalisa. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne abin da ya faru rana ta biyu a asibitin.

Ina zaune a gefen gadon Kawu. Na ɗauka bai san komai ba, ina ta shirya yadda zan fara. Sai ya yi magana, idonsa a kan silin.

"Ina jin ku jiya. Ban iya buɗe ido ba, amma kunnena yana aiki."

Na durƙusa a ƙasa. "Kawu, ka yafe mini."

"Tashi, kada ka tara mana Larabawa. Ni ma an tambaye ni sau uku na ce babu. Ba wannan ba ne a gabana." Ya juyo da kansa da ƙyar. "Ba ka taɓa mamakin yadda kwalba take saurin ƙare mini ba?"

Na ce na ɗauka yana ƙara yawan sha ne.

"Rabi nake sha. Rabin uwarka nake kai wa, don bayanta. Ta ce kada in gaya maka, za ka ƙi karɓar komai a hannunta kuma ka dinga ɗawainiya. Wata goma sha huɗu ke nan. Da za mu taho na ƙirga mata na kwana goma." Ya nuna wayata da haɓa. "Yau kwana nawa?"

Na ƙirga da yatsu. Takwas.

Na kira Inna. Ta ɗauka a bugu na biyu, da muryarta ta jin daɗi, ana jin kaji a bayanta.

"Habibu! Yaya jikin Yaya? An yi aikin? Ka ga ni yau da kaina na share tsakar gida, Allah dai ya yi maka albarka da maganin nan naka, Yaya ya tona ni ko? Saura guda biyu fa. Tunda kana gidansu, ka taho mini da babbar kwalba."

Kawu ya miƙo hannu daga kan gado ya dafa kafaɗata, da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba.

"Ba tafinta a nan," ya ce. "Gaya mata da bakinka."

Na ce, "Inna, samu wuri ki zauna."